Tsakuwar Jamus

Wani mutum ne a Ƙaurar Namoda, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ana ce masa Malam Barmo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin reluwe, kuma a duk tsawon shekarun nan aikinsa guda ne tak: ya tsaya a bakin tarago da ɗan ƙarfe a hannu, fasinja ya miƙo tikiti, ya huda, ƙyas, ya mayar masa. Aiki ne na halal, babu abin kunya a cikinsa. Saboda shi ne mutanen gari suka laƙaba masa Mai Huji, har sunan ya danne na yanka.

To amma da Malam Barmo ya yi ritaya, sai aikin nan ya soma girma a bakinsa. A shekarar farko ya ce shi ne yake duba birki. A ta biyu ya ce direba ba ya tashi sai ya ɗaga masa gira. Kafin a cika shekara biyar, ya zama shi ne ya taɓa tare kan jirgi da kafaɗa a wani gangare, hannunsa riƙe da kofin shayi, ko ɗigo bai zube ba.

Duk wannan a gindin darbejiyar bakin tasha ake yin sa, inda tsofaffin ma'aikata suke zama bayan la'asar. Babbansu shi ne Malam Sidi, tsohon shugaban tasha, wanda in ya yanke magana ta yanku. Akwai kuma Baba Shekarau, tsohon heluma, wato shugaban leburori, mutumin da ya shekara arba'in yana shimfiɗa ƙarfen dogo a rana. Ba shi da yawan magana, sai dai in ya yi guda ɗaya, takan kwana uku tana yi wa mutum ƙaiƙayi.

Ana nan, sai 'yar Malam Barmo, Lantana, wadda ke aure a Kaduna, ta aiko masa da wani kwali. A ciki akwai ɗan jirgin ƙasa mai aiki da batir: kai ɗaya, tarago huɗu, da guntayen dogo da ake harhaɗawa su zama da'ira. Nufinta tsohon ya sami abin rage zaman banza.

Nan kam dole a yi masa adalci, ya yi aiki. Ya kwashe tarkacen ɗakin da ke jikin zaurensa, ya haɗa teburi biyu, ya shimfiɗa katako a kai. Ya gina tasha da kwali. Ya yi tankin ruwa da gwangwanin tumatir. Ya kife fasasshiyar tukunya, ya yaɓe ta da laka, ta zama tsauni mai rami a ciki. Ya kwantar da tsohon madubi ya zama kogi, ya ɗora masa gada ta tsinken tsintsiya. Har fasinjoji ya yi da tsinken ashana, kowane da 'yar hularsa. Da ya tsaya a nan, da babu wanda zai ce masa komai sai sannu da ƙoƙari. Amma bakinsa ya riga hannunsa isa gindin darbejiya.

"Daga yau," in ji shi, yana gyara zaman hula, "duk mai son in amsa masa, ya ce Injiniya."

"To, Mai Huji," in ji Baba Shekarau.

"Ka ji ka ko! Ni da na shimfiɗa dogo a cikin gidana! Tasha, gada, rami, komai da hannuna. Irin aikin da kuka yi ku ɗari kuna nishi, ni kaɗai na yi shi ina shan fura."

"Madalla. Ka zuba tsakuwa?"

"Tsakuwa?"

"Tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin ƙarfe. Dogon da babu tsakuwa ai ba dogo ba ne, shanya ce."

Wannan kuwa ko a mafarki bai faɗo wa Malam Barmo ba. Shekara talatin da ɗaya yana hawa jirgi, idonsa na kan tikiti, bai taɓa duban ƙasa ba. Mutumin kirki da sai ya ce, af, na manta. Shi kuwa sai ya yi dariya, irin ta wanda aka tambaya ko ya san hanyar gidansu.

"Tsakuwa? Tana hanya. Daga Jamus na sa a aiko mini."

"Daga Jamus!" in ji majalisa baki ɗaya.

"Ƙwarai. Akwai wani dutse can da ake niƙawa musamman saboda ƙananan jirage. Ba kowa suke sayar wa ba, sai sun ga takardun mutum."

Malam Sidi ya yi gyaran murya.

"Barmo, maganar nan ta isa a yanke ta, kunnuwanmu sun gaji. Ran Asabar ta sama, bayan la'asar, za mu zo gidanka. In jirginka ya zaga dogon nan sau uku, a kan tsakuwarsa, bai tsaya ba, bai faɗi ba, to kai ne Injiniya, har a katin ɗaurin aure haka za a rubuta. In kuwa ya gaza, Mai Huji kake, kuma ba za mu sake jin labarin kafaɗa da kofin shayi ba. Ka yarda?"

"Sau uku kacal? Ku ce talatin mana!"

"Uku sun ishe mu."

Malam Barmo ya koma gida yana tafiya kamar an ba shi sarauta. Sai da ya rufe ƙofa sannan ya tuna ba shi da tsakuwa, balle ta Jamus. Ya ɗebo yashi ya zuba, yashi ya shige ƙafafun jirgi, jirgi ya yi ƙiiii ya tsaya. Ya je bakin dogo ya tsinto tsakuwar gaske, ya ajiye guda ɗaya kusa da tasharsa, sai ga ta ta fi fasinjoji uku tsawo. Ya sa ta a turmi zai daka, taɓarya ta tsage, tsakuwa tana nan yadda take. Kwana shida yana wannan fama, har ya rame.

Ran Litinin da hantsi, matarsa Hajiya Yalwa ta tafi barkar suna. Ya shiga ɗakin ajiyarta neman abin da shi kansa bai sani ba, sai ya yi tuntuɓe da wani tulu an rufe shi da faifai, an ɗora dutse a kai. Ya buɗe. Irin gero ne, wanda ta gada daga gonar mahaifinta, take shukawa duk shekara a 'yar gonarta ta bayan gari. Kamar yadda aka saba, ta cakuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci. Tokar ta rine shi, ya yi fari-fari, baƙi-baƙi, kowace ƙwaya kamar an auna ta.

Malam Barmo ya ɗebo a tafin hannu, ya kai gaban taga, ya duba. Bakinsa ya tafi har kunne.

"Jamus ke nan," in ji shi.

Ya kwashi tiya guda cur. Ya mayar da faifai, ya mayar da dutse. Ya bi dogon nan kaf yana zubawa, yana gyarawa da gashin kaza, har ya zama ko Baba Shekarau ya gani daga nesa sai ya sara masa. Da ya ga ƙwayoyin suna gangarewa, sai ya jiƙa ƙaro a ruwa, ya cika buta, ya yayyafa don su kama. Ba su kama ba. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har katako ya yi sharkaf. Sannan ya ɗora jirgi ya kunna. Cuku-cuku-cuku, ya zaga sau goma sha biyu ko tari bai yi ba. Malam Barmo ya taka rawa shi kaɗai a ɗaki, da girmansa da furfurarsa.

Don kada ƙura ta ɓata masa aiki, ya kafa sanduna a kusurwoyin tebur, ya lulluɓe komai da tsohon bargo, ya rufe taga, ya datse ƙofa da kwaɗo, ya rataya ɗan makulli a wuya. Ya yi rantsuwa ko shi ba zai sake leƙawa ba sai ranar. A daren nan aka yi ruwan fari, gari ya ɗauki zafi da laima.

Washegari yana karin kumallo Hajiya Yalwa ta tsaya a kansa.

"Malam, irin gerona ya ragu da rabi."

"Subhanallahi. Ɓera ne."

"Ɓera?"

"Ɓera mana. Wa zai taɓa miki iri in ba shi ba?"

"Ɓeran ne ya sauke dutse, ya ɗaga faifai, ya auni tiya guda, ya mayar da faifai, ya mayar da dutse?"

"Ke Yalwa, ɓerayen zamanin nan babu abin da ba su iya ba. Ba irin na lokacinmu ba ne."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Haka ne. To ni dai na ɗana tarko huɗu. Ranar da na kama ɓeran nan, wallahi sai unguwar nan kaf ta gan shi."

"Ki kama shi," in ji Malam Barmo, yana kurɓar koko. "In kin kama shi ki kira ni, ni zan riƙe miki wutsiyar."

Ran Asabar ya sha babbar riga mai aska takwas, ya soke biro uku a aljihu, ya rataya usur a wuya kusa da makulli. Majalisa ta iso, mutum goma sha ɗaya, har da waɗanda rabon su da fita tun sallar bara. Aka cika ɗakin maƙil. Malam Barmo ya yi jawabi mai tsawo a kan wahalar da injiniyoyi ke sha a ƙasar nan ba a san darajarsu ba. Sannan ya kama gefen bargo.

"Jama'a, ku buɗe ido. Abin da za ku gani, ko a Kaduna sai manya."

Ya fizge bargo, fuu!

Jama'a suka miƙa wuya.

Tasha tana nan. Gada tana nan. Tsauni yana nan. Amma dogo ya ɓace. Tun daga bakin tasha har cikin rami, ya zagayo ta gada ya dawo, babu abin da ido ke gani sai tsiro, tsaye cak, ɗanye shar, kore-kore mai ruwan ɗorawa, ya kai rabin yatsa. Fasinjojin ashana sun nutse a ciki, sai hulunansu ake hange.

Gumi ya karyo wa Malam Barmo tun daga ƙeya har gadon baya. Amma bakinsa, wanda bai taɓa yin ritaya ba, ya riga shi farfaɗowa.

"Alhamdulillahi!" in ji shi. "Ta fito a kan lokaci."

"Me ta fito?" in ji Malam Sidi.

"Ciyawar. Ai haka Jamusawa suke haɗa ta, tsakuwa da ciyawarta a ciki. Ka taɓa ganin dogo babu ciyawa a gefe? Wannan ita ce mai lamba ɗaya. Mai lamba biyu ba ta tsirowa."

Baba Shekarau ya sunkuya a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya sa yatsa biyu ya tuge tsiro ɗaya. Ga saiwa fara, ga ƙwaya a maƙale. Ya shinshina. Ya sa a baki ya tauna.

"Mai Huji."

"Injiniya dai."

"Su Jamusawan nan, da tsakuwarsu suke yin fura?"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Malam Sidi ya ɗaga hannu.

"Ba shari'ar tsakuwa muka zo yi ba. Zagaye uku muka ce. Barmo, tashi jirginka. Wani kuma ya buɗe mana ƙofar cikin gida mu sha iska, kafin mu ma mu tsiro."

Aka buɗe ƙofa. Malam Barmo ya laluba cikin ganye ya gano ƙarfe, ya ɗora kan jirgi, ya jona tarago huɗu. Ya busa usur, firrr! Ya danna.

Ɗan jirgin nan, Allah ya sani, jarumi ne. Ya kutsa cikin gonar, cuku... cuku... cuku, yana ture tsiro dama da hagu kamar sa a cikin dawa. Ya shige rami. Aka jira. Aka jira. Sai ga shi ya ɓullo da ganye a goshi. Ya haye gada, ya iso tasha.

"Ɗaya!" in ji Malam Sidi.

"Kun gani?" in ji Malam Barmo, muryarsa ta dawo. "Jirgin da injiniya ya ɗora, ko a daji sai ya yi hanya!"

A zagaye na biyu hanya ta buɗe, jirgi ya sami ƙarfi, cuku-cuku-cuku. Sai dai ƙafafunsa sun tono ƙwayoyin da ke ƙasa, suna watsa su gefe, wasu suna zubowa daga tebur, tas, tas, tas, suna gangarawa har bakin ƙofar da aka buɗe.

"Biyu!"

Malam Barmo ya soma karɓar gaisuwa tun ba a miƙo masa ba. Ya juya wa tebur baya, ya buɗe hannayen riga, yana bayyana wa jama'a yadda za a rubuta sunan, da babban baƙi a farko. Saboda haka shi kaɗai ne a ɗakin bai ga shigowar kajin Hajiya Yalwa ba.

Kaza ta farko ta bi sawun ƙwaya har gindin tebur, ta ɗaga kai, ta ga abin da tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa gani ba: gona a kan tebur. Fir, ta haye. Ta biyu ta bi ta. Kafin a ce kwabo, kaji bakwai suna kan layi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, suna cin tsakuwar Jamus da ciyawarta. Ɗaya ta yi tozali da fasinja ta haɗiye hularsa. Wata ta hau tasha, tasha ta zauna.

"Kai! Kai! Shit! Shit!" Malam Barmo ya juyo yana kaɗa riga. "Ku sauka daga kan layi! Jirgi na zuwa!"

"Ka huda musu tikiti mana," in ji Baba Shekarau.

Duk da haka jirgi bai tsaya ba. Ya bi ta tsakanin ƙafafun wata kaza, ya shige rami, ya fito. Saura gada, sai tasha. Taƙi biyu kacal tsakanin Malam Barmo da sunan da yake nema. Majalisa ta miƙe tsaye. Har Malam Sidi ya buɗe baki zai ce uku.

Sai zakara ya sauka a bakin kogi.

Ƙato ne, ja, mai zanko kamar tafin hannu. Ya duƙa zai ci rabonsa, sai ya ga wani zakara a cikin madubi, ja, ƙato, yana hararar sa, a gaban matansa bakwai. Ya tashi gashin wuya. Na cikin kogi ma ya tashi nasa. Jirgi ya hau gada. Zakara ya yi tsalle ya kai wa abokin gaba duka da ƙafa biyu da fiffike.

Rugum!

Gada ta watse tsinke-tsinke. Kan jirgi ya yi alkafura, tarago huɗu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka zube a kogi. Batir guda ya fice, ya gangara daga tebur, ya mirgina a ƙasa, gurrr, bai tsaya ba sai da ya daki wani takalmi a bakin ƙofa.

Takalmin Hajiya Yalwa ne. Ta biyo kajinta, da lulluɓinta, da muciya a hannu.

Ta yi sallama, ta gaida Malam Sidi da sauran dattawa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata, ba ta tsallake kowa ba. Sannan ta matso ga tebur. Ta tuge tsiro ɗaya, ta murje ƙwayar a tafin hannu, ta hure tokar. Ta daɗe tana duba.

"Malam, wannan fa?"

"Tsa... tsakuwa ce," in ji Malam Barmo, murya kamar ta sauro. "Ta Jamus."

"Ikon Allah. Ashe har Jamus gonar babana ta kai."

Babu wanda ya yi motsi, sai kaji.

"Shekara arba'in ina roƙonka ka raka ni gona ko sau ɗaya, kana ce mini hannunka na ofis ne. Ashe a ɗaki kake noma, har ka riga kowa shuka a garin nan." Ta juya ga jama'a. "Malam Sidi, ku gafarce ni, na yi alkawari ne, dole in cika. Kwana biyar ina ɗana tarko saboda wani ɓera da ya iya sauke dutse ya mayar. Na ce ranar da na kama shi sai unguwa ta gan shi. To, ga unguwa, ga shi." Ta dubi mijinta. "Malam, ka ce in kira ka ka riƙe mini wutsiyar. Bismillah."

Baba Shekarau, wanda aka ce tun da aka san shi ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya zame daga jikin bango ya zauna a ƙasa daɓas, yana riƙe da ciki, hawaye na zuba.

"Ɓeran Jamus!" in ji shi da ƙyar. "Wayyo cikina! Ɓeran Jamus!"

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Kafin magariba sunan ya isa kasuwa. Kafin Juma'a ya isa Gusau a motar haya.

Mako biyu Malam Barmo bai leƙa gindin darbejiya ba. An dai gan shi a gonar bayan gari da fartanya, Hajiya Yalwa na zaune a inuwa tana nuna masa inda ya tsallake. Ranar da ya dawo majalisa, babu babbar riga, babu biro, babu usur. Ya yi sallama a hankali, ya tsuguna gaban Malam Sidi.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Kai ka yanke hukunci da bakinka, a gaban shaidu: in jirgi ya gaza, Mai Huji nake. Jirgi ya gaza. Ni ban nemi komai ba sai haƙƙina. Don girman Allah, ku mayar mini da Mai Hujina."

Malam Sidi ya shafa gemu, kamar mai duba dokar aiki.

"Maganarka gaskiya ce," in ji shi. "Sai dai wancan tikitin an riga an huda shi. Matsa can ka zauna, Ɓeran Jamus."